Tsutsar Masara Ba Ta Mutu Ba

Rurum Tsohon Gari,
Litinin, 14 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Yayana Nuruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Zubaida da yara, Ya kuma sa wa neman da kuke yi a Ibadan albarka. Mu nan ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji, ka san kuwa in ta kai nan ta warke. Baba ma lafiyarsa lau, sai dai a kansa nake rubuto maka. Kada ka ce me ya hana ni kira. Wayar gidan nan ɗaya ce, kullum tana aljihunsa, maganar kuwa ba ta faɗuwa a gabansa. Shi ya sa na ba Dalhatu direba takardar nan, ya ce jibi zai iso wurinku.

Ka ji labarin baƙuwar tsutsar da ta faɗa wa masara bana. Cikin zuciyar karan take shiga, inda sabon ganye ke fitowa, ta cinye ta bar kashi kamar dussa. Gonarmu ta fadama dai ta tafi, ganyen ya koma rariya. Baba ya tara malamai aka sauke Alƙur'ani, aka yi sadakar waina, mu kuma muka bi kai-kai muna zuba toka da yashi. Bayan 'yan kwanaki aka wayi gari babu tsutsa ko ɗaya. Wallahi har hawayen murna na yi. Ranar Juma'a Baba ya miƙe a masallaci ya ce Allah Ya yaye, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ka san nauyin maganarsa a garin nan. Duk waɗanda suka yi niyyar zuwa Rano sayen maganin feshi suka fasa, har da mutanen Sabon Gari.

Sai na je tsinkar rama a gonar. Ina kartar ƙasa da 'yar fartanya na tono wasu abubuwa jajaye-jajaye, kamar ƙananan ƙwallon dabino. Na taɓa ɗaya, ya murɗa gindinsa. Ka san halina na bin diddigi, wanda kake cewa wata rana zai sa in ɗauko maciji. Na zuba biyar a gwangwanin madara da ƙasa, na ɗaure bakin da tsumma, na ɓoye bayan randa. Jiya da safe, kwana takwas ke nan, na ji motsi a ciki. Da na leƙa sai ga faɗa-wuta huɗu masu ruwan toka suna karkaɗa fiffike, ƙwansonsu a fashe a gefe.

Ban tsaya ba na nufi gidan ƙawata Jummai, don mijinta malamin gona ne a Kibiya. Bai ko yi mamaki ba. Ya ce tsutsar ba mutuwa ta yi ba, ƙoshi ta yi, ta sauka cikin ƙasa ta rufe kanta, tana can tana sake halitta mu muna nan muna rabon waina. In ta fito da fiffike, kowace mace sai ta zuba ƙwai ɗaruruwa a bayan ganye, cikin kwana uku su ƙyanƙyashe. Ya ce magani yana kama su ne suna ƙanana, kafin su shige cikin kara. In suka shige sai dai haƙuri.

Yau da sassafe na je gonar tudu, inda masarar baya take, ga dawa a gefenta. Ita kaɗai ta rage mana, ita za mu ci har baɗi. Na juya ganye goma, shida na da ƙwai, curi-curi da wani gashi fari-fari a kansu. Yaya, nan na zauna a kan kunyar gonar.

Na kai wa Baba gwangwanin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ina nufin ba a karɓi addu'arsu ba. Na ce Allah Ya tsare ni, addu'a ce ma ta sa fartanyata ta faɗa kansu. Ya ce shi ba zai koma inda ya tsaya ya janye abin da ya faɗa da bakinsa ba, in ɗauke abin nan, kada ya sake jin zancen. Amma kokonsa nan ya huce bai sha ba, da hantsi kuma na hango shi a gonar shi kaɗai, yana bin ganye yana juyawa. Ya gani, Yaya. Kunya ce ta ɗaure shi.

Don Allah ranar da takardar nan ta iso ka kira shi. Kai yana jin maganarka. Kada ka nuna daga gare ni ka ji, ka ce haka aka yi a wani gari, ka ba shi hanyar da zai bi ya faɗa wa jama'a wannan Juma'ar. Ta gaba ta yi nisa.

Ka gaida Yaya Zubaida, ka shafa min kan Mujahid da Fatima Zahra'u. Inna tana sa muku albarka, ba ta san komai ba tukuna. Tsoro nake ji. In aka sallame Juma'a bai miƙe ba, zan bi gida-gida in gaya wa mata, ko da zai daina amsa gaisuwata.

Taka ƙanwa,
Sadiqa