Tabon Goshin Umaru

Daren Laraba, Luggere

Rubuta yadda na faɗa, Hauwa, kar ki gyara min magana. Na gaji.

Hoto ɗaya nake da shi na ɗana Umaru, wanda muka rabu a daji ranar da muka gudo daga harin 'yan bindiga. Shi nake nuna wa duk wanda aka ce ya kuɓuto daga hannun mutanen nan. Ruwa ya cinye goshin a hoton, amma ina ta nunawa haka.

Ke maƙwabciya ce, ba ki taɓa ganinsa ba, ban ga laifinki ba. Da kika ce za ki tura wa matan cikin wayarki, masu koya miki gyaran hoto, ban so ba. Wa ya san wanda ke ciki? Na dai yarda.

Yau kika kawo shi kina murna. An zagaye shi da furanni, riga fara fat, goshi sumul. Yaro kyakkyawa, amma ba nawa ba. Umaru yana da tabo inda saniya ta tunkuye shi yana ƙarami. In babu tabon, wa zai ce ya gan shi?

Kika ce, "Dada, abu mai sauƙi, wata ta nuna mana yadda ake sa tabo a hoto. Wane gefe, dama ko hagu?"

Na ɗaga yatsa zan nuna miki. Hauwa, tun la'asar nake taɓa goshina, har yanzu ban tuna ba.