Makunnin da ke Ƙarƙashin Kujera

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Ta tashi! Motar lantarkin da ɗalibaina 'yan aji shida suka haɗa da gangar jikin tsohuwar keke napep ta zagaye filin makaranta sau uku, ba ƙara, ba hayaƙi. Mardiyya ce ta tuƙa, ita ce dama ta haɗa wayoyin duka. Sai da na juya baya na share ido.

Alhamis, 9 ga Mayu

Isyaku ya zo. Abokina ne tun firamare, yanzu yana da kantin kayan sola, shi ya ba mu batura huɗu. Ya ce ranar 18 za a ƙaddamar da ita a gaban manyan gari da 'yan jarida. “Malam, ɗaya-ɗaya za a kira yaran nan, iyayensu na ji.” Na rubuta masa sunaye goma sha ɗaya da hannuna. A aji na yi musu alkawari. Mardiyya ta ce babanta zai taso daga Zango a kan babur.

Talata, 14 ga Mayu

An kai ta wurin mai fenti. Na manta ban gaya wa Isyaku makunnin da muka ɓoye ƙarƙashin kujera ba, saboda 'yan aji ɗaya da ke kunna ta lokacin tara. In ba a murɗa shi ba, mukulli banza ne. Ba komai, ai Mardiyya ce za ta tuƙa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Sau biyu na goge farar rigata.

Asabar, 18 ga Mayu

An yaye ƙyallen da aka lulluɓe motar da shi. Kore shar, da sunan kantin Isyaku a kowane gefe. Sunayen da yara suka zana da ƙusa a bayanta, an shafe.

A jawabinsa ya ce aikin “injiniyoyin kamfaninmu” ne. Mu kuma muna benci na ƙarshe, cikin rana. Na yi ta jiran takardar nan ta fito daga aljihunsa.

Ya shiga da babbar riga ya murɗa mukulli. Shiru. Ya sake. Mutane suka fara dariya, wani ya ce a kawo fetur. Ya ɗago yana nemana da ido. Allah ya gani, na sunkuyar da kai, kuma na ji daɗi.

Mardiyya ta taɓa benci. “Malam, za a ce motarmu ba ta aiki.”

Kafin in ce uffan ta ratsa taro, ta durƙusa, ta murɗa. Motar ta tafi. Aka yi tafi. Mai gabatarwa ya ce, “Mun gode wa wannan yarinyar.”

Babanta na tsaye jikin babur ɗinsa. Na kasa zuwa in gaishe shi.

Laraba, 22 ga Mayu

Isyaku ya yi mini sallama bayan Azahar. Na amsa, tunda gaba ba ta wuce kwana uku. Wai ni ma na san manya ba sa tasowa don 'yan makaranta.

Yara sun fara zanen injin ban-ruwa. Shugaban makaranta ya leƙo, “Me kuma ake ƙerawa?” Ni da nake tare mutane a hanya in ba su labarin aikin yarana, sai na ji bakina ya ce, “Gyaran fanka ne, ranka ya daɗe.”

Mardiyya ta dube ni. Na ce ta ci gaba da zanenta.

Na sayi kwaɗo ga ƙofar ɗakin aiki. Saboda awaki ne.