Hoton Gwaggo Mai Waina

Daren Talata, ƙarfe sha ɗaya da kwata, a ɗakina, unguwar Ammariyya, Saudiyya.

Yau da azahar na tura wa kwaleji takardun neman shiga sashen zane da tsara hotuna, haɗe da ayyuka biyar da suka nema. Mafi kyawunsu hoton Gwaggo Hajara ne, tana tuyar waina a wani lungun Bab Makka, tana dariya.

Da magariba na nuna mata a waya, ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, fuskata kika kai musu? Kin manta iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta mutu?”

Ban manta ba, kyawun hoton ne ya rufe min ido. Na ce zan cire. Ta ce, “Halas, bar shi, karatunki ya fi.” Amma na ga ta tura tandarta ƙarƙashin gado.

Ban san ko ana janye aikin da aka tura ba. Ban san su wa za su gan shi ba. Ban san ko huɗu za su isa a ɗauke ni ba. Ban kuma san yaushe Gwaggo za ta fito da tandar nan ba.