Goron da Ruwan Teku Ya Ci

Zuwa ga Asama'u, inuwar ɗorawata, zumar dajin Birnin Gwari, ruwan randa a tsakar bazara. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yaran da yayanki Nababa.

Bayan gaisuwa, yau kwanana shida a kan teku cikin jirgin ruwa tare da maigidana, Baturen gandun daji, a hanyarmu ta zuwa hutunsa a Ingila. Ni da na saba yi masa girki a murhun duwatsu uku, ga ni cikin wani gari mai tafiya a kan ruwa. Hawa bakwai ne, Asama'u. Ɗakin cin abincinsu ya fi kasuwarmu faɗi, sau biyar ake kaɗa musu ƙararrawa a yini, su ci rabi su bar rabi. Ga fanka a kowane ɗaki, ga wanzami da shagonsa, ga ƙanƙara a cikin kofi. Har tafki aka yi musu a saman jirgin don iyo, wai tekun bai ishe su ba, kin ji rashin aikin yi. Da la'asar makaɗa su busa, maza da mata su riƙe juna su yi ta juyi. Kowa ya zo hutu, ban da zuciyata. Ina guga ina tunaninki, ina goge takalmi ina tunaninki.

Kin tuna ranar da kika rako ni bakin rafi, kika kwance ƙunshin ganye? Farin goro ashirin da huɗu, kika raba mana daidai, kowace Juma'a kowa ya ci ɗaya, har wata ukun da maigida ya ce za mu yi su cika. Kika ce tun bara kika fita takaba, Gambo na Randagi ya aiko neman aurenki sau biyu, kuma ranar da goronki ya ƙare ba ki da sauran abin da za ki gaya wa Nababa. Ban ga laifinki ba. Uwar 'ya'ya biyu ba ta zaman jiran gawon shanu.

To, na yi ɓarna, hasken idona. Kin san goro sai da yayyafi. Famfo biyu na tarar a makewayinmu, na murɗa na kusa, na yi ta jiƙa ganyen safe da yamma. Wa ya taɓa gaya wa ɗan Birnin Gwari akwai ruwan da ke kashe abu? A garinmu ruwa ruwa ne. Ashe wannan na teku ne, gishiri zalla, don wanka kawai aka jawo shi. Jiya na buɗe ƙunshin, goma da suka rage duk sun yi baƙi sun yamushe. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da ma a nan abin ya tsaya. Yau da safe maigida yake gaya mini wata ukun da ya faɗa na zama a can ne kaɗai, ban da zuwa da dawowa. Ni kuwa lissafin fatake na yi, daga fita ƙofar gida har komawa. Juma'a goma sha takwas ke nan, ba sha biyu ba. Yaya zan yi da shidan nan? Wane rafi ne wannan da zan naɗe wando in tsallako?

Gobe za mu tsaya a Saliyo, a can zan jefa takardar nan. Kafin ta iso a karanta miki, na san goro shida ne za su rage a hannunki. Don girman Allah, kurciyata, kada ki ƙara cin guda cikakke. Allah da ya halicci goro ɓari biyu ya yi shi. Ki ɓare, ki ci ɓari ɗaya wannan Juma'ar, ki rufe ɗayan da ɗanyen ganye sai ta gaba. Ba ki karya alkawari ba, ba ki yi wa Nababa ƙarya ba, goronki dai bai ƙare ba.

In kin ƙi, ba zan ce kin ci amana ba, ni na yi wautar lissafi. Amma ki sani, ko na tarar da ke a ɗakin Gambo, ba zan nemi wata ba. Zan tsufa a gindin murhun Bature, ina gaishe ki daga nesa a kasuwa.

Naki a ruwa, naki a tudu, har ranar da za a rufa mini ƙasa,

Maliki Kuku