Sabil ɗin Mahaifina Ya Koma Awo

Assalamu alaikum Hajja Hannatu. Don Allah ki cece ni, wayona ne ya kama ni, ban kuma san inda zan kai ƙara ba.

Ina da ɗan kanti a bakin tashar motocin Sinnar, nan Mai Wurno. Bara waccan, da kamfanin waya ya fito da intanet marar iyaka, ka biya sau ɗaya a wata ka sha har ka ƙoshi, sai na sayi 'yar na'ura na buɗe wa kowa shabaka, wato intanet ɗin, kyauta. Dabarata ba ta da wuya: wanda ya zauna kallon ƙwallo zai ji ƙishi, mai ƙishi kuma zai sayi lemo. Amma kin san garinmu, in ka ce kyauta sai a ce me kake nema. Don haka na ajiye na'urar kusa da randunan sabil, ruwan nan da ake ajiye wa masu wucewa don mamaci ya sami lada, na ce wannan ma sabil ne na mahaifina, marigayi Malam Jibirin.

Hajja, abin ya karɓu fiye da yadda na so. Liman ya ambace ni bayan sallar Juma'a. Hashim mai kantin gefe ya rasa masu saye, shi ma ya dawo yana jan shabakata, yana yi wa babana addu'a haƙora a cije. Tsofaffi suna zuwa ganin 'ya'yansu na Jidda a waya, kin kuwa san gaisuwarmu, sai an tambayi lafiyar awaki kafin a zo kan magana. Innata kuwa duk yamma sai ta zo ta zauna tana kallon taron, tana cewa Malam na can yana hutawa. Ba ta san rabin ladan daga masu kallon kokawar Turawa a waya yake zuwa ba, ni kuma ban ga dalilin gaya mata ba.

To, watan jiya kamfani ya aiko saƙo, wai don kyautata mana an soke marar iyaka, yanzu gwargwadon shanka gwargwadon biyanka. Abin da na saya na wata, mako bai zagayo ba ya ƙare. Ribar lemo ta tafi, ta sukari ta bi ta, yanzu uwar kuɗi ake ci. In na kashe, a ce na toshe wa ubana lada. In na sa farashi, na zama mai sayar da sabil, Hashim kuwa ba zai bar maganar ta kwana ba. Na gwada cewa na'urar ce ta lalace, sai Inna ta cire 'yan kunnenta na zinari ta ce in sayar in gyara, kada Malam ya ji shiru. Suna cikin aljihuna nake rubuto miki. Yaya zan yi?

Ɗan Malam, Mai Wurno

Wa alaikumus salam, Ɗan Malam. Kafin komai, mayar wa Inna 'yan kunnenta yau, ba gobe ba.

Kana da gaskiyar jin haushin kamfani, sun lasa muku zuma a baki sannan suka fito da mudu. Amma ai sana'arku ɗaya: su sun kira tarkonsu kyautatawa, kai ka kira naka sabil. Su dai ba su sa sunan mahaifinsu a ciki ba.

Duk da haka ba zan ce aikinka banza ba ne. Tsohuwar da ta ga fuskar ɗanta, da gaske ta gan ta, addu'ar da ta yi wa Malam kuma ba ruwanta da dabararka. Wannan za ka riƙe. Ware yammacin Juma'a don kiran dangi kawai, kyauta, daidai ƙarfin kantinka. Masu ƙwallo da kokawa su sayi nasu. Babu malamin da zai ce ka tauye mamaci don ka hana shi ladan kokawa. Ka gaya wa liman da bakinka kafin Hashim ya gaya masa da nasa.

Inna kuwa, daina yi mata ƙaryar na'ura. Ka ce mata kamfani ya sauya tsari, ƙarfinka iyakarsa ke nan. Matar da ta riƙe gida da noman auduga ta fi ka sanin awo. Tsoronta ɗaya ne, kada a manta da mijinta. Ka zaunar da ita ranar Juma'a ta ji ana kiran sunansa.

Wannan karon abin zai fita daga aljihunka, ba kuma zai dawo ba. Kada hankalinka ya tashi, haka sadaka take, za ka saba. Allah ya jiƙan Malam Jibirin, ya sa wa kasuwarka albarka.

Hajja Hannatu