Farar Rigar Ƙungiya

Daren Alhamis, Kurmin Mashi

Ni na dage sai farar riga za ta zama alamar sabuwar ƙungiyarmu ta ƙwallon zari-ruga. Yau muka fara saka ta a atisaye, dab da magariba. 'Yan wasa suka ɗaga ni sama in cafe ƙwallo, na zame, suka tare ni a kafaɗunsu ina miƙe sambal. Wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya ta ce, "Allah ya jiƙansa. Yaro ne kuwa."

Kowa ya yi dariya, har ni. Ita ba ta yi ba, kuma cikin idona take kallo.

Rigar na rataye a bayan ƙofa, na kasa barci. Na sauke ta na ninke, sai ta ƙara kama da likkafani.