Ɓarin Goronka a Kan Tingilin

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Hajara da yara, ya zaman Duwala? Mu nan Garuwa lafiya lau.

Ranar Lahadi na hau dutsen Tingilin ni kaɗai, karon farko tun tafiyarka. Da na kai sama, na zauna kan falalen dutsen nan da muke hutawa, kogin Binuwai yana ƙyalli can ƙasa. Na fasa goro kamar kullum, na miƙa maka ɓari ɗaya. Sai da na ji ba a karɓa ba na tuna.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaishe min da kowa. Ɓarin naka na naɗe shi a ganye, amma Yaya, ya fara bushewa.

Ƙaninka,
Sale